Cire akwatin imel daga waya da kwamfuta: abin da ke tafiya da abin da ke zama

Cire akwatin imel daga manhajar wasiƙu shi ne raba wata na'ura, waya ce ko kwamfuta, da adireshin da aka taɓa shigar mata. Da zarar an yi haka, na'urar za ta daina karɓar sababbin wasiƙu, ta daina aikawa da sunan mai adireshin, kuma galibi ta share kwafin wasiƙun da ta tara. Shi kuwa adireshin yana nan daram a wurin kamfanin da ya ba da shi, ko Google ne, ko Microsoft, ko Yahoo, ko Apple, kuma duk wanda ya aiko da wasiƙa za ta shiga kamar yadda aka saba. Rufe akwatin gaba ɗaya aiki ne daban, a shafin kamfanin ake yin sa. Mutane da yawa suna haɗa ayyukan biyu, kuma daga nan kuskure iri biyu ke fitowa. Wani yana tsoron taɓa maɓallin cirewa, yana zaton wasiƙunsa na shekara da shekaru za su bi ruwa, sai ya sayar da waya ko ya ba ƙaninsa da akwatin a buɗe. Wani kuma ya danna babu tunani, sai can ya nemi lambar surukinsa ya rasa.

Dalilan cirewa suna da yawa. Akwai sayar da waya da kyautar da ita, akwai barin wurin aiki, akwai kwamfutar aro ko ta shagon intanet da mutum ya shiga ya duba saƙo. Akwai kuma manhajar da ta rikice ta daina kawo wasiƙu, wadda sau da yawa maganinta a cire akwatin a sake shigar da shi. Mafi ciwo a cikinsu sata ce, inda na'urar ba ta ma hannun mai ita.

Abin da zai biyo bayan cirewa ya rataya ne a kan inda ainihin wasiƙun suke ajiye, kuma hanyar da manhajar ke bi ta ɗauko su ita ke yanke wannan. Mafi tsufa a hanyoyin ita ce POP, wadda aka fara tsarawa a 1984, sigarta ta uku ta fito a 1988. A wancan zamani shiga layin sadarwa yana da tsada, kuma manyan kwamfutocin da ke riƙe wasiƙu ba su da wadataccen wurin ajiya. Saboda haka aka tsara POP ta kwaso wasiƙu ta sauke su a kwamfutar mutum, sannan ta share su daga can idan ba a hana ta ba. Hanya ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. Ita tana barin wasiƙu a rumbun kamfani, kwafi kawai take nuna wa na'ura, shi ya sa wasiƙar da aka karanta a waya ake ganin an karanta ta a kwamfuta. Ta uku ita ce Exchange ta kamfanin Microsoft, wadda ma'aikatu da bankuna da jami'o'i da yawa ke amfani da ita. Ita ma a rumbu take barin wasiƙu, amma tana haɗawa da lambobin mutane da kalanda.

Bambancin kamar na 'yan kasuwa biyu ne a Kantin Kwari. Ɗaya dilolinsa suna sito, samfuri kawai yake ajiyewa a shago, ko an rufe shagon dukiyarsa tana nan. Ɗayan duk abin da ya mallaka yana cikin shagon, ranar da shagon ya tashi ya tashi da komai. Mai IMAP ko Exchange shi ne na farko. Mai POP, idan an saita ta tana sharewa daga rumbu, shi ne na biyu.

Yawancin wayoyin yanzu da kansu suke zaɓar IMAP ko hanyar kamfanin idan an shigar da adireshin Gmail ko Outlook ko Yahoo. Amma POP ba ta mutu ba. Tana nan a tsofaffin kwamfutocin ofis, da adiresoshin kamfanoni da makarantu waɗanda wani injiniya ya saita shekarun baya ya tafi abinsa. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne, kuma ya kamata a yi shi kafin a taɓa komai. A buɗe akwatin ta burauza, a shiga da adireshi da kalmar sirri, a nemi wasiƙar bara ko ta bara waccan. Idan tana nan, to cirewa ba za ta taɓa wasiƙun da ke rumbu ba. Idan akwatin ya nuna na makon nan kawai, alhali manhajar kwamfuta tana da na shekara biyar, to waɗannan na shekara biyar ba su da wani gida sai wannan kwamfutar, kuma sai an adana su kafin a cire. Wannan gwajin yana da wani amfani babba: yana tabbatar da cewa mutum ya san kalmar sirrinsa. Waya tana riƙe akwati a buɗe shekaru ba ta tambaya, har mai ita ya manta. Ranar da ya cire ne zai gane ya kulle kansa a waje.

Akwai kuma abin da ko IMAP ba ta karewa. Wasiƙar da aka rubuta aka danna aikawa lokacin da babu sabis tana zaune a akwatin fita tana jiran layi, ba ta kai rumbun kamfani ba. Haka daftarin da aka fara aka ajiye ba tare da data ba. Idan aka cire akwatin a wannan hali, sun tafi ke nan. Wanda ya aika takardar neman aiki a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ya fara leƙa akwatin fita tukuna.

A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, nan ne maganar ta fi nauyi, domin adireshin Gmail a kansu ya wuce akwatin wasiƙu. Shi ne asusun Google da wayar gaba ɗaya ta jingina a kai. Da shi ake sauko da manhajoji daga Play Store, a cikinsa lambobin mutane ke zama, ta cikinsa hotuna ke hawa Google Photos, kuma a Google Drive ɗinsa WhatsApp ke ajiye kwafin hira. Shi ya sa manhajar Gmail ba ta da maɓallin fita irin na Facebook. Idan aka taɓa hoton mai asusun a saman kusurwar dama, aka zaɓi layin kula da asusun da ke kan na'urar, sai manhajar ta tura mutum cikin saitin wayar. Can ne ake zaɓar adireshin a danna cirewa. Ana iya zuwa wurin kai tsaye daga saiti, a sashen asusu, ko da yake sunan sashen yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani. A wayoyin Samsung an haɗa shi da sashen adana kwafi, a wasu kuma an haɗa shi da na kalmomin sirri. Idan wannan ne kaɗai asusun Google da ke kan wayar, za ta nemi lambar buɗe ta ko zanen buɗewa kafin ta yarda.

Gargaɗin da wayar ke nunawa a wannan lokaci gaskiya yake faɗa, kuma ya cancanci a tsaya a karanta shi. Wasiƙu da lambobi da kalanda na wannan asusun za su fita daga wayar. Lambobin mutane wuri uku suke iya zama: a kan sim, a cikin ƙwaƙwalwar wayar, ko a asusun. Na sim da na cikin waya ba za su motsa ba, abin da ke nufin mai sayar da waya bai gama ba don ya cire asusu. Na asusun kuwa za su ɓace daga fuskar wayar nan take, har sunayen mutane a WhatsApp su koma lambobi tsura. Wannan ne ke tayar wa mutane hankali, amma lambobin ba su halaka ba. Suna nan a shafin contacts.google.com, kuma za su dawo duk inda aka sake shigar da asusun, muddin wayar tana aika su can tun farko. Wanda ya kashe wannan aikawar don tattalin data ya kunna ta, ya bar ta ta gama, sannan ya cire.

Wanda abin da ya dame shi kawai ƙarar shigowar wasiƙu ce, ko cin data, ba ya bukatar cire asusun. A cikin saitin manhajar Gmail akwai wurin dakatar da ɗauko wasiƙun kowane adireshi, da wurin kashe sanarwarsa, sauran abubuwan wayar su ci gaba da aiki. Haka kuma adireshin Yahoo ko na Outlook da aka ƙara a cikin manhajar Gmail ba ya riƙe da wayar irin riƙon na Google, cire shi bai shafi Play Store ba.

Ɗaya daga abubuwan da ke haddasa rigima a kasuwannin waya, daga Farm Centre a Kano har Computer Village a Ikeja, shi ne kullen da Google ya sa wa Android tun daga siga ta 5.1 a 2015. Manufar kullen mai kyau ce: a hana ɓarawo cin moriyar wayar da ya sata. Idan aka wanke waya ta bayan gida, wato aka kashe ta aka riƙe maɓallan gefe aka mayar da ita kamar sabuwa ba tare da an cire asusun Google ba, to da ta tashi za ta tsaya cak ta nemi adireshi da kalmar sirrin wanda ke kanta a da. Ga yadda abin ke kasancewa a gaban tebur. Mutum ya kawo wayarsa musaya, an yi ciniki, ya cire sim da katin memori, ya karɓi cikon kuɗi ya hau babur. Yaron shago ya wanke wayar, ta kunna, ta nemi asusun mai ita na da. Mai shago ya rasa lambar mutumin, ko ya same shi ya ce shi ma bai san kalmar sirrin ba, domin ranar da ya sayi wayar wani yaro ne a kasuwa ya buɗe masa adireshin, bai rubuta ba. Wayar da lafiyarta ƙalau ta zama kayan gyara, ko a shiga neman mai fasa kulle, wanda aikinsa ba ya rabuwa da zargi tunda wayar sata ma ta nan take bi. Duk wannan minti biyu ke hana shi. Mai sayarwa ya cire asusun Google da hannunsa a gaban mai saye, ya cire na Samsung idan akwai, sannan a wanke wayar daga cikin saiti. Mai saye kuma kada ya ba da kuɗi sai ya ga wayar ta tashi ta wuce wurin tambayar asusu. Google yana ba da shawarar wanda bai daɗe da canza kalmar sirri ba ya jira awa 24 kafin ya wanke waya, domin in ba haka ba tana iya ƙin karɓar sabuwar kalmar har sai lokacin ya cika.

Saura abu ɗaya kan Android wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba. Wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wayarsa ce ke nuna tambayar amincewa duk lokacin da aka shiga asusun daga wata na'ura. Cire asusun yana cire wannan hanya. Idan ita ce kaɗai hanyar, sabuwar wayar za ta nemi amincewar tsohuwar da ta riga ta tafi. Maganin shi ne a fara shigar da asusun a sabuwar waya tun tsohuwar tana hannu, a tabbatar lambar layin da ke jikin asusun tana aiki, kuma a fitar da lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa, guda 10 masu alƙaluma 8, a rubuta a takarda a adana. Maganar layi ba ƙarama ba ce. Kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kuma asusun da ke rataye da tsohon layi yana aika lambar ceto ne ga baƙon da ya gaji layin.

A iPhone da iPad lamarin ya fi rabuwa. Manhajar Mail ta kamfanin Apple tana ɗaukar akwatuna daga saitin na'ura. A da ana shiga saiti, a shiga Mail, a shiga jerin asusu. Daga iOS 18 da ta fito a 2024 sai an fara shiga sashen manhajoji kafin a kai ga Mail. Idan aka zaɓi adireshi, za a ga maɓallai huɗu ko kusa da haka, na wasiƙu, na lambobi, na kalanda da na ƙananan rubuce-rubuce, kowanne ana iya kashe shi shi kaɗai. Kashe na wasiƙu yana ɓoye akwatin daga Mail ya bar lambobi. A ƙasa kuma akwai jan rubutu mai cewa a goge asusu. Lafazin yana da ban tsoro, amma daga wannan na'urar kawai yake gogewa. Abin lura shi ne ƙananan rubuce-rubucen nan. Mutane da yawa suna rubuta lissafin bashi ko jerin kaya a manhajar Notes ba su san cewa a ƙarƙashin adireshin Gmail suke ajiyewa ba. Da an cire adireshin sai su ɓace daga wayar, ko da yake suna nan a wata folda a cikin akwatin.

Manhajar Gmail a kan iPhone ba ta da alaƙa da wannan saitin. Ana cire adireshi ne daga cikinta, kuma cirewar tana shafar sauran manhajojin Google da ke wayar, kamar YouTube da Drive. Don haka wanda ya sa adireshi ɗaya a Mail da Gmail sai ya cire shi a wuri biyu.

Akwatin iCloud kuwa yana jikin asusun Apple ne, kamar yadda Gmail ke jikin asusun Google a Android. Ana iya kashe wasiƙunsa kawai, amma raba shi da wayar gaba ɗaya sai an fita daga asusun, kuma wayar za ta nemi kalmar sirri don kashe tsarin neman na'urar da ta ɓata. Apple ya riga Google kawo irin wannan kulle, tun iOS 7 a 2013, kuma nasa ya fi tsauri. iPhone ɗin da aka sayar da asusun wani a kanta, masu gyara kan kwance ta ne su sayar da gilashi da batir. Tun farkon 2024 akwai ƙarin kariyar sata da mai waya zai iya kunnawa, wadda ke sa jinkirin awa ɗaya kafin a iya fita daga asusun idan ba a gida ko wurin aiki ake ba. Mai niyyar sayarwa gara ya gama wannan a gida kafin ya fita kasuwa.

Manhajojin Outlook da Yahoo na waya aikinsu a cikin gida yake: a shiga saitin manhajar, a zaɓi adireshi, a cire. Outlook yakan tambaya ko daga wannan na'urar kaɗai za a cire ko daga duk na'urorin da ke da manhajar. Goge manhajar ita kanta daga waya ba ya wadatarwa kullum, domin wasu wayoyin suna riƙe asusun a saitinsu, da an sake sauko da manhajar sai akwatin ya buɗe ba tambaya.

A kwamfutocin Windows, tsohon Outlook da ke zuwa tare da Office shi ne wanda ya fi bukatar natsuwa, kuma shi ne ya cika ofisoshi. Ana cire akwati ta sashen fayil, a shiga saitin asusu, a zaɓi adireshi a danna cirewa. Amma Outlook yana ajiye bayanai a fayil iri biyu. Akwatin POP yana zuba wasiƙunsa a fayil mai ƙarewa da pst, kuma wannan fayil ɗin yana zama a kwamfutar ko bayan an cire akwatin. Ga mai son adana wasiƙunsa wannan alheri ne. Ga wanda zai miƙa kwamfutar ga wani kuwa haɗari ne, domin duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai karanta komai ba tare da kalmar sirrin akwatin ba. Akwatin Exchange, da na IMAP tun daga Outlook 2013, suna amfani da fayil mai ƙarewa da ost, wanda kwafi ne kawai, kuma ba ya sake amfani idan an cire akwatin. Tarkon yana nan. IMAP wasiƙu kaɗai ta sani, ba ta ɗaukar lambobi da kalanda zuwa rumbu. Sai Outlook ya ajiye su a cikin wannan fayil ɗin na ost, a foldar da aka yi wa alamar cewa ta wannan kwamfutar ce kaɗai. Sakataren da ya shekara shida yana tara adiresoshin abokan hulɗar ofis a nan zai rasa su duka idan aka cire akwatin ba a fitar da su ba. Hanyar fitarwa tana sashen fayil ɗin dai, inda ake kwafe komai zuwa sabon fayil na pst a ajiye a filash. Idan kuma akwatin da za a cire shi ne na farko da aka fara saitawa, Outlook yakan ƙi har sai an ƙirƙiri wani wurin ajiyar bayanai ko an yi sabon tsari daga tushe.

Ƙaramar manhajar Mail da a da ke zuwa da Windows 10 da 11 Microsoft ya daina tallafa mata a ƙarshen Disambar 2024, ya maye gurbinta da sabon Outlook. A cikin sabon, ana cirewa daga saiti, a sashen asusun imel. Shi yana bi da wasiƙun Gmail da Yahoo ta rumbun Microsoft, shi ya sa zaɓin cirewa daga duk na'urori ke da ma'ana ga wanda ba ya son kwafi ya rage a can. Bayan haka yana da kyau a leƙa saitin Windows kansa, a sashen asusu, domin adireshin kan zauna a can ko bayan manhajar ta sake shi. Masu amfani da Thunderbird, manhajar kyauta ta Mozilla wadda cikakkiyar sigarta ta farko ta fito a 2004, suna samun tambaya a fili lokacin cirewa: bayanan asusun kaɗai za a share, ko har da wasiƙun da ke kwamfutar? Mai miƙa kwamfuta ya zaɓi duka, mai gyara saiti ya bar wasiƙun.

A kwamfutar Mac ana cirewa daga saitin Mail da alamar ɗebewa da ke ƙasan jerin asusu. Idan kalanda ko lambobi suna amfani da asusun, sai ta tura mutum sashen asusun intanet a saitin kwamfutar. Cire akwatin POP a nan yana share wasiƙunsa daga kwamfutar, saboda haka a fara kwafe su zuwa akwatin cikin gida na Mac ɗin.

Burauza ba manhajar wasiƙu ba ce a taƙamaimai, amma ta nan ne asirin mutane ya fi tonuwa. Ɗalibin da ya je shagon intanet rajistar JAMB, ko mai shirin bautar ƙasa da ya je buga takardar kira, yakan shiga akwatinsa a kwamfutar shago, ya gama, ya rufe shafin ya tafi. Rufe shafi ba fita ba ne. Wanda ya zauna bayansa ya buɗe Gmail zai tarar da akwatin a buɗe, da hoton fasfo da takardun makaranta da saƙonnin banki. Sai an danna fita, sannan a shafin da ke biyo baya a cire adireshin daga jerin waɗanda burauzar ta haddace. Idan ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, amsar a'a ce. Mafi sauƙi a buɗe tagar sirri ta burauzar tun farko, wadda ke mantawa da komai da an rufe ta. Masu shaguna ma suna da haƙƙi a nan: adireshin da suka buɗe wa abokin ciniki amana ce, su rubuta masa kalmar sirri, su sa lambarsa a wurin ceto, ba tasu ba.

Idan na'urar ta riga ta fita hannu, ana iya cirewa daga nesa. A shafin myaccount.google.com, a sashen tsaro, akwai jerin duk wayoyi da kwamfutocin da asusun ke buɗe a kansu, da ranar da kowacce ta shiga ta ƙarshe, kuma ana iya fitar da kowacce. A sashen dai akwai jerin manhajojin da aka ba izinin shiga akwatin, inda ake janye izinin. Microsoft yana da maɓallin fita daga ko'ina, sai dai ya bayyana cewa aikin na iya ɗaukar har awa 24. Apple da Yahoo ma suna da jerin na'urori a shafukansu. Canza kalmar sirri yana rufe yawancin ƙofofi, har da kalmomin sirri na musamman masu haruffa 16 da Google ke ba tsofaffin manhajoji. Amma Google da kansa ya ce canjin ba lallai ya fitar da wayar da ake tabbatar da mai asusu da ita ba, don haka a haɗa biyun, a fitar da na'urar daga jeri kuma a canza kalmar. Ko an yi duka, wasiƙun da wayar ta riga ta sauke suna iya zama a cikinta. Abin da ke share su shi ne umarnin wanke na'ura daga nesa, wanda Google da Apple duka ke da shi, kuma ba ya aiki sai wayar ta hau intanet. A Android da iPhone akwai tsari a nan: a fara aika umarnin wankewa kafin a cire na'urar daga asusu, domin cirewar na iya yanke igiyar da umarnin zai bi, a iPhone kuma cire ta daga tsarin neman na'ura yana kwance kullen ya bar wa ɓarawo waya mai aiki.

Akwatin wurin aiki yana da nasa sharaɗi. Sau da yawa ma'aikaci yana shigar da shi a wayarsa ne bayan ya amince ma'aikatar ta sami iko kan wani sashe na wayar, har da ikon share bayanai daga nesa. A Android akan keɓe masa ɓangaren aiki, manhajojinsa da alamar jaka a jikinsu, kuma cire ɓangaren yana share duk abin da ke ciki, har hotuna da takardun da aka sauke a can. A iPhone, akwatin da ya zo ta takardar saitin ma'aikata ba ya nuna jan rubutun gogewa, sai an cire takardar daga sashen kula da na'ura. Wanda zai ajiye aiki ya cire akwatin da kansa kafin ranar ƙarshe, bayan ya mayar da lambobin iyalinsa zuwa asusunsa na kansa, kuma ya sauya adireshin da bankinsa da asusun fanshonsa ke aika masa saƙo. Ranar da aka rufe akwatin daga ofis, babu sauran damar yin hakan.

Akwai abubuwan da cirewa ba ta taɓawa ko kaɗan, domin a rumbun kamfani suke. Umarnin tura kwafin wasiƙu zuwa wani adireshi yana ci gaba da aiki, kuma yana cikin abubuwan da masu kutse ke dasawa, saboda haka wanda ke zargin an shiga masa ya duba shi ta burauza. Cirewa ba ta rage cikar gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, ba ta kuma hana saƙonnin talla shigowa. Wanda ke son rabuwa da adireshin har abada sai ya bi ta shafin kamfanin, bayan ya sauko da kayansa ta Google Takeout ko makamancinsa. Google yana yarda a goge Gmail kaɗai a bar sauran asusun, idan aka ba da wani adireshin da ba na Gmail ba, kuma ba ya sake ba kowa sunan da aka goge. Microsoft yana jira kwana 30 ko 60 kafin ya rufe, ko mai asusun zai canza shawara. Akwatin da aka cire daga duk na'urori aka manta da shi kuwa ba shi da tabbacin zama. Tun Disambar 2023 Google ya ba kansa damar goge asusun mutum ɗaya da ya shekara biyu ba a shiga ba, da wasiƙunsa da hotunansa da takardunsa, bayan ya aika sanarwa zuwa akwatin da kuma adireshin ceto idan an sa shi. Shiga asusun ko karanta wasiƙa a cikinsa yana sake kirgen shekara biyun daga farko.